Dutsen Tsiala

Sanyi ya riga ni zuwa kasuwar Telabi.
Na tarar da shi zaune a teburin mahaifiyata
kamar shi aka bar wa gadi.

Tsiala tana asibiti, ƙugu a ɗaure.
Tsani ne ya ci amanarta a bishiyar kanya.
Shekara saba'in da ɗaya,
wai sai ta tsinko ta can ƙololuwa,
wadda rana ta fi so.

Ni kuwa ma'aikaciyar banki ce a Tibilisi,
na san lissafin miliyan,
ban san kuɗin kabewa ba.

Na jera kaya yadda na tuna ana yi:
baƙin inabi, ƙarshen yanka,
ƙudan zuma na bin sa kamar masu bin bashi;
ƙananan tuffa masu tabo a goshi,
tafarnuwa a kitse,
curckela tana reto a igiya,
gyaɗar bishiya ce aka shirya a zare,
aka tsoma a kunun inabi,
ta bushe a inuwar rumfa.
Rumman da ya fashe na tura ƙasan kwando
don kada ya ba ni kunya.

Lamara mai kabeji ta leƙo, ta yi tsaki.
"Eteri, birni ya cinye ki.
Wanda ya fashe shi ake ɗorawa a sama.
Tun da ya buɗe baki, bar shi ya yi miki talla."

Ga sikelin ƙarfe, tsohon hannu,
ga dutse guda daga kogin Alazani,
sumul, toka-toka,
shi ne kilo a teburin nan
tun ran da na asali ya ɓata, ina 'yar aji uku.
Na ɗora shi a sikelin lantarki na mai nama.
Kilo ɗaya da giram tamanin.

Na tsaya ina ninkawa.
Tamanin sau ciniki, sau Asabar, sau kaka talatin.
A nan rufin gidanmu ya tsiyaye,
a nan takalmin da ban samu ba ya tafi.

Hantsi ya yi, hazon dutse ya janye,
ganye ja na faɗowa cikin kwanduna
ba mai ce masa ya biya kuɗin rumfa.
Mutane suka fara zuwa.
Ba wanda ya taya.
"Ya jikin nata?" shi ne farkon kowane ciniki.
Bondo direba ya ajiye cuku, ya ɗauki rumman huɗu,
bai dube ni ba ma.
Wata malama ta bar lari ashirin a ƙarƙashin tuffa,
ta ce saura ne na bara,
ban ga baran a rubuce ko'ina ba.
Wani yaro ya ce babansa ya riga ya sauke itace
a ƙofar gida, kada in damu da hunturu.

Kafin la'asar tebur ya yi fayau.
Sai kanya biyu, da ɓawo,
da hannuna da ya yi baƙi ƙirin
da ruwan ɗanyar gyaɗar da na yini ɓarewa,
lallen da sabulu ba ya fitarwa.

Da dare na kai mata kanyar.
Na ce, "Mama, dutsenki ƙarya yake yi."
Ta gatsa, ruwa ya bi haɓarta,
ta ɗauki lokaci kafin ta haɗiye.

"Yini guda na yi a bakin kogi," in ji ta,
"kafin in samu wanda ya yi nauyin da nake so."

Ta kama hannuna, ta juya shi,
ta shinshina baƙin.
"Asabar mai zuwa ki je da wuri.
Lamara tana cin iyaka."